Ba Kowa a Sama

A gidan nan idan ka ji an ce "ba kowa," kada ka ɗauka gidan wayam yake. Abin da ake nufi shi ne maigida ya tafi aiki, matarsa tana shago, yara suna makaranta. Yaya kuwa tana nan. Kullum tana nan, a ɗakin ƙurya na saman bene, bisa katifarta da ke jikin taga, ƙafafunta biyu a miƙe a gabanta kamar kayan da aka ba ta ajiya. Sai dai ita ba a sa ta cikin kowa.

Yaya yayar maigidan ce, ciki ɗaya. Ita kaɗai ta rage mai kiransa Auta, duk da furfura ta fara leƙo masa a gemu. Tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta take zaune a gidansa, kuma da fari ɗakin ƙasa aka ba ta, mai ƙofa ta titi. A can tana da keken guragunta, tana murza shi da kanta ta fito bakin ƙofa ta sha iska. Matan layin suna kawo mata gyaran kaya tana yi musu da keken ɗinki na hannu, ana hira ana dariya. Ba ta ɗora wa kowa nauyi ba, sai dai a miƙo mata abin da ya yi mata nisa.

Sai matar Auta ta ƙyalla ido ta ga ɗakin ya yi kama da shago.

"Yaya, wallahi sama ya fi miki," in ji ta, tana murmushi har kunne. "Ga iska, ga shiru, ba ƙurar titi, ba hayaniyar yara. Ni da zan samu haka ai da na huta."

'Yan dakon da suka kawo firiza su aka roƙa suka ɗauke ta, ɗaya ta hammata ɗaya ta ƙafa, suka haura da ita yadda suka haura da kabad. Keken kuma aka ce a bar shi a ƙasa tukuna, zai karce tayil ɗin sama, kuma ina ma za ta je da shi? Kafin wata ya zagayo keken ya samu aikin yi. Da shi ake kwaso katan-katan na lemo daga bakin titi zuwa cikin shago.

Tagar Yaya daidai saman ƙofar shagon take, don haka duk abin da aka faɗa a ƙasa sai ya hawo ya same ta. Ta nan ta fara jin sunan da aka raɗa mata. Matar Auta a waya: "Kada ki zo yanzu, ba kowa a gida." Mai gyaran famfo ya zo: "Ka dawo gobe, ba kowa a sama." Masu kawo mata ɗinki suka yi ta zuwa ana ce musu tana barci, ko ba ta jin daɗi, har suka gaji suka ɗauke ƙafa. Wasu ma suka ɗauka ta koma wurin dangi.

Ranar farko da ta ji, abin wasa ta mai da shi. Da aka kawo mata abinci ta ce, "Maman yara, na ji kin ce ba kowa a sama. To ni aljanar gidan ce?"

Matar Auta ta yi dariya har da tafa hannu. "Kai Yaya, ba ki da dama! Ai kin gane abin da nake nufi."

Ta gane kuwa. Ganewar ce ta hana abincin wucewa.

Da aka yi sata a layin, Auta ya kira mai walda ya kafa ƙofar ƙarfe a kan matakala, can inda bene ya fara, ya kuma gindaya wa kowace taga sandunan ƙarfe. Duk wanda ya sauko ƙarshe shi zai datse kwaɗo ta waje. "Don tsaronki ne, Yaya," in ji shi. A ƙarƙashin matakalar kuma aka samar wa janaretan shago wuri, shi da jarkokin fetur ɗinsa, saboda firiza ba ta jure ɗaukewar wuta. Warin fetur ya zama shi ne ya fi kowa hawowa gaishe ta.

Wata rana da hantsi shagon katifa ya kama da wuta a layin baya. Yaya ba ta ga wutar ba, hayaƙin ta gani, baƙi ƙirin yana murɗawa sama, ta ji ihu da guje-guje da jiniyar motar kwana-kwana. Ta dubi sandunan tagarta, ta dubi ƙofar ɗakin, ta dubi ƙafafunta. A ranar tsoro ya shige ta, irin wanda ba ya fita.

Cikin makon 'yan kwana-kwana suka shiga bin gidaje suna wayar da kan mutane. Wadda ta zo gidansu mace ce mai buɗaɗɗiyar murya, ba ta rowar magana. Ta tarar da Auta a bakin shago, matarsa tana sallamar masu saye. Yaya ta manna kunnenta a jikin taga.

"Malam, ga tambayar da ta fi damuna," in ji ma'aikaciyar. "Akwai wanda ba zai iya fita da ƙafarsa ba in wuta ta tashi? Tsoho, ko makaho, ko kurma da ba zai ji ihu ba, ko mai keken guragu? In akwai, a ƙasa ya kamata ya zauna, kusa da ƙofa. A san wanda zai ɗauke shi, a san wanda zai maye in wancan ba ya nan. Kuma a gwada, malam, kada a tsaya a baki, don in wuta ta kama ba mai lokacin koyo. Maƙwabta ma a gaya musu. Mu ma ku gaya mana, in mun zo mu san ɗakin da za mu fara nufa."

Yaya ta ƙara matsawa jikin taga. Yau dai Allah ya kawo mai faɗa. Ta ji matar Auta ta yi ɗan tari, irin tarin da ba na mura ba.

"Ba kowa," in ji Auta. "Duk lafiyarmu ƙalau, mun gode Allah."

"Saman fa?"

"Ɗakunan kwana ne kawai. Ba kowa."

Yaya ta buɗe baki. Kalma ɗaya ta isa, ko tari ma irin na matar. Amma akwai mutane a shagon, kuma ƙaninta ne, magidanci, a ƙofar gidansa. Ta ƙaryata shi a gaban baƙuwa da masu sayen lemo? Tun yana yaro take rufa masa asiri, bakinta bai saba da wata hanya ba. Ta mai da shi ta rufe. Ta ji ma'aikaciyar tana yi musu faɗa a kan jarkokin fetur, tana kuma cewa in hayaƙi ya tare mutum ya rufe ƙofa, ya toshe ƙasanta da jiƙaƙƙen tsumma, ya nufi taga. Ta ji Auta yana cewa in sha Allahu yau ɗin nan za a kwashe jarkokin. Sannan takun matar ya yi gaba zuwa gidan maƙwabta.

Da yamma ya hawo ya leƙo ta, kamar yadda yake yi in ya tuna, ƙafa ɗaya a ɗaki ɗaya a waje.

"Auta, shigo ka zauna."

Ya zauna a bakin katifa yana latsa waya.

"Na ji abin da ka gaya wa matar nan."

"Wace mata? Au." Ya sosa ƙeya. "Yaya, ba ki san mutanen nan ba. In na ce akwai, gobe sai su dawo su ce a tashi shago, a cire ƙofa, a cire kaza da kaza. Shagon nan kuwa kin san da shi ake rufa asiri."

"Ban ce a tashi shago ba. Ko lungun da ake tara kwalabe a share mini, ya ishe ni."

"Haba Yaya! Yayata guda a lungun kwalabe? Me mutane za su ce?"

"To ka goya ni."

Ya ɗago kai daga wayar.

"Ka goya ni ka sauka da ni sau ɗaya, mu ga ko za ka iya. Ta ce a gwada. Ni fa na goya ka har ƙafarka tana jan ƙasa, ban ce ka rama ba. Sau ɗaya kawai nake roƙo."

Ya yi dariya, irin wadda mutum ke yi in an taɓa masa inda ke ciwo. "Kin san bayan nan nawa. Bari ya ɗan lafa. Ranar Asabar, in sha Allahu."

Matar Auta ta shigo ɗaukar kwano, ta tarar da ƙarshen zancen. "Yaya, don Allah ki daina kira mana wuta da bakinki. Tun da aka gina gidan nan ko labule bai taɓa ƙonewa ba. Wannan ai mugun fata ne."

"Ba fata nake yi ba, Maman yara. Tsoro nake ji."

"To ki yi addu'a mana. Mu da muke hawa muna sauka ma ai ba wayonmu ke tsare mu ba."

Asabar ta zo, mota tana wurin makaniki. Wata ta zo, baya ya motsa. Wata ta zo, ya ce yara suna gida, kada su ga ana goyon gwaggonsu su tsorata. Jarkokin fetur kuwa suna nan inda suke, har ma sun samu ƙani.

Ta roƙi a ba ta makulli. Matar Auta ta ce, "Ki yi me da shi? Kwaɗon ta waje yake, hannunki ba zai kai ba. Kuma in ɓarayi suka ɗora miki wuƙa ai ke za ki buɗe musu." Ta roƙi a riƙa barin ƙofar a buɗe da rana, tunda ana shago. Aka ce, "Talabijin fa tana sama, Yaya." Wayarta ta faɗi ta fashe, Auta ya sa ta a aljihu zai kai gyara, daga nan ba ta sake ganinta ba. Da ta tambaya ya ce, "Wa za ki kira, ga mu?" Ta sa aka ajiye mata bokitin ruwa a ɗaki, washegari aka ɗauke wai yana tara sauro. Kowace amsa tana da kan gado in ka ji ta ita kaɗai, shi ya sa Yaya ba ta taɓa cin gardama ba.

Da ta ga ba mai gwadawa da ita, sai ta fara gwadawa ita kaɗai. In gida ya yi shiru ta zame daga katifa, ta ja jiki da gwiwar hannu zuwa ƙofar ɗaki, ta bi baranda har ƙofar ƙarfe. Can za ta zura hannu ta tsakanin sanduna tana laluben kwaɗo, yatsunta su tsaya kaɗan kafin su taɓa shi. Sai ta huta ta jawo jiki ta dawo. Fatar gwiwar hannunta ta saluɓe, ta ɗaure da ƙyalle ta ci gaba.

Wata rana matar Auta ta hawo ɗaukar canji ta same ta kwance a baranda tana haki. "Innalillahi! Yaya, so kike a ce mun bar ki kina jan ciki a ƙasa? Wallahi kina ba mu kunya. Wanda ya shigo ya ganki haka ai sai ya ce ba ma kula da ke."

Da Auta ya dawo aka kai masa ƙara. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce tunani ne ya yi mata yawa, ta sa wa ranta abin da babu. Washegari ya sayo mata maganin barci.

Ba ta sha ba. Barci ne abin da ta fi tsoro. Da zarar janareta ya tashi a ƙasa sai ta miƙe zaune tana shaƙar iska kamar mai neman abin da ya ruɓe a ɗaki. Ta rame, idanunta suka faɗa, abinci ya riƙa komawa yadda ya zo. Ta tattara ragowar ƙyallayen da ke jakarta ta ɗinka wata doguwar matashiya, daidai faɗin ƙasan ƙofa. Matar Auta ta ɗaga ta tana dariya, ta ce, "Wannan kuma macijin mene ne?" Shi ne ɗinki na ƙarshe da Yaya ta yi a duniya, ba ta sani ba.

Ranar Asabar ce kuwa, da rana tsaka. An ɗauke wuta tun safe, janareta yana ta kuka. Auta yana bakin shago da abokansa, yara suna wasa a tsakar gida. Matar Auta ta sauko ta datse kwaɗo kamar kullum, tunda ba kowa a sama, ta jefa makullin a durowar shago. Da ta ji injin yana shirin mutuwa, sai ta ɗauki jarka ta tuttula masa fetur yana kan aiki, kada kayan firiza su narke.

Yaya ta ji wani "bum" da ya girgiza katifarta, sai ihu.

Jikinta ya san hanya. Ta zame, ta ja jiki, ta bi baranda. Hayaƙi ya riga ta isa ƙofar ƙarfe, yana hawowa ta matakala kamar ta bakin murhu. Ta kama sandunan da hannu biyu ta girgiza tana kiran Auta. Sai da ta ji ƙaurin fatarta ta gane ƙarfen ya yi zafi. Ta fizge hannuwan, tafukan sun tashi. Da gwiwar hannu ta koma ɗaki, ta tura ƙofa da kafaɗa, ta danna macijin ƙyallen a ƙasanta, ta juye masa ɗan ruwan shan da ke gorarta. Sannan ta hau katifa, ta saƙala damatsanta a sandunan taga ta ɗaga jikinta har ta hango titi.

Layin ya cika. Maza suna ta fito da kaya daga shago, hannu da hannu. Ta hango Auta ba takalmi yana juyawa yana ihu, "Ina yara? Ina yaran? Ina mamansu?" Aka nuna masa su can gefe, an rungume su suna kuka. Ya dafe ƙirji ya ce, "Alhamdu lillahi, kowa ya fito!" Ya koma suka kama firiza da abokansa suna ja. Wani ya turo keken guragunta cike da katan ɗin lemo har sama, ya tsallaka da shi titi ya ajiye a inuwa.

Ta kira shi. Hayaƙi ya riga ya cinye muryar, abin da ya fito bai fi kukan ƙyanwa ba, ga ihun mutane, ga rurin wuta. Ba wanda ya ɗaga kai. Me za a duba a sama?

Motar kwana-kwana ta shigo layin da jiniya. Yaya ta gane muryar tun kafin ta ga mai ita, ma'aikaciyar nan ce da ta zo wayar da kai. Ta diro tana ihu, "Ina maigidan? Akwai kowa a ciki?"

"Ba kowa!" in ji Auta. "Duk mun fito, ba kowa! Ku taimaka, shagon, shagon!"

Yaya ta san muryar ƙaninta in yana ƙarya. Tun yana satar sukari ta san ta, tana ɗan siririncewa a ƙarshe. Ranar da ma'aikaciyar ta fara zuwa, da waccan muryar ya amsa. Wannan kuwa ba ita ba ce. Wannan da dukan zuciyarsa ya faɗa, ya duba ransa bai ga kowa a ciki ba. Damatsanta suka saki sandunan, ta zube a katifa. Zafin hannuwan ma ta daina ji. Ta kwanta tana kallon hayaƙi yana taruwa a silin, ta ce a ranta to shi ke nan, a bar shi a kan gaskiyarsa.

Tari ne ya tashe ta, irin mai juya hanji. Jiki bai san zuciya ta mutu ba, shi numfashi yake nema. Gefen fuskarta ya faɗa kan babban almakashinta na ɗinki. Ta matse shi tsakanin ƙonannun tafukanta biyu, ta ɗaga, ta buga a sandar taga. Ta sake bugawa. Kowane bugu sai ta ji kamar an zare mata rai ta hannu, amma ta ci gaba.

A ƙasa ma'aikaciyar tana jan tiyo ta yi karo da keken da ke cike da lemo. Ta tsaya cak. "Keken wa ne wannan?"

Ba wanda ya amsa.

"Na ce keken wa ne? Ina mai shi?"

Cikin ɗan shirun nan aka ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe daga sama, ƙwal, ƙwal. Kawuna suka ɗaga gaba ɗaya. Auta ya saki firiza, ya ɗora hannu biyu a ka ya kurma ihu, "Yaya! Wayyo Allah, Yaya!" Ya zabura zai shiga, maza suka riƙe shi. Matakalar ma babu ita, wuta ta cinye, makullin kuma yana cikin durowar da ke ci.

Aka kafa tsani. Sandunan da aka sa don tsaronta sai da aka yi ta yanka su ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa tana ciki tana shaƙar abin da ke shigowa ta saman ƙofa. Macijin ƙyallen da aka yi wa dariya shi ya riƙe ƙasan ƙofar har aka gama. Wani ma'aikaci ya shigo ta tagar, ya durƙusa ya ce, "Mama, kwanto a bayana." Ya ɗaure ta a jikinsa ya sauko da ita a hankali. Ba ta san shi ba, ko fuskarsa ba ta gani ba. Ba ta da nauyi ma, ashe. Goyon da ta yi ta roƙo Asabar bayan Asabar, ga shi ta samu a bayan bare.

A asibiti aka naɗe hannuwan har gwiwa. Likita ya ce ƙirjin zai warke a hankali, yatsun kuwa ba za su ƙara riƙe allura ba.

Matar Auta ta zo da tata 'yar ƙunar a goshi, ta zauna a bakin gado tana sharar hawaye. "Yaya, ruɗewa ce wallahi. Wanda bai ga wuta ba ba zai gane ba. Ni kaina ban san inda kaina yake ba. Ƙaddara ce, ba mai tsallake ta. Ga shago ya tafi, ga gida, mu ma fa abin tausayi ne." Dangi suka zo suka ce a gode wa Allah da abin ya tsaya a hannu. Maƙwabta suka ce su wallahi sun ɗauka ta daɗe da barin gidan. Kowa ya zo da uzurinsa a naɗe, ya ajiye mata a gefen gado tare da lemo da ayaba, ya tafi da sauƙin zuciya. Ba wanda ya ambaci lungun kwalabe, ko makulli, ko Asabar. Wuta ce mai laifi, ita kuwa an riga an kashe ta.

Auta sai da kowa ya watse ya iya matsowa. Ya durƙusa a ƙasa ya kifa kansa a ƙarfen gadon yana kuka kamar yaro.

"Yaya, ki yafe mini. Wallahi tallahi ba da gangan na faɗa ba. Ban yi ƙarya ba, Yaya, mantawa na yi. Bakina ne kawai ya faɗa."

Ta daɗe tana kallon furfurar da ke tsakiyar kansa. Da hannunta yana aiki, ta san da tuni ya kai kan nan yana shafawa, don haka ya saba. Ta gode wa bandejin.

"Na sani, Auta," ta ce, muryar a dishe. "Na ji muryarka. Da ƙarya ka yi, da ya fi mini sauƙi."

"Zan gyara. Wallahi duk inda muka koma, ɗakin ƙasa naki ne. Zan goya ki kullum in kina so."



Wata nas ta shigo tana tura keken magani. Ta duba ruwan da ake ƙara mata, ta gyara mata matashi, sannan ta ce, "Mama, gadonki muka sa kusa da ƙofa saboda ƙafarki, ko da wani abu zai taso mu fara da ke. Amma muna so mu san naki na jiki, wanda za mu nema in ana bukata. Kina da kowa?"

Auta ya ɗago da sauri, yana goge fuska da hannun riga, ya buɗe baki.

Yaya ba ta dube shi ba. Ba da fushi ta faɗa ba, ba kuma don ta rama ba. Ta duba ranta ne, yadda shi ma ya duba nasa a bakin titi.

"Ba kowa, 'yata," ta ce.

Nas ɗin ta dubi mutumin da ke durƙushe, ta dubi matar da ke kwance, ta ja kekenta ta wuce gado na gaba.